Launi Goma Sha Huɗu a Bango Ɗaya

A unguwarmu ta bayan tashar jirgin ƙasa a garin Cacak, da wuya ka shiga gidan da hannun Radisav bai taɓa bangonsa ba. Maistor muke ce masa, kamar yadda ake kiran duk mai sana'ar hannu da ya ƙware, kuma ya haura shekara arba'in yana hawa tsani da bokiti. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, gashin girarsa fari fat, har ana gardama ko tsufa ne ko farar ƙasa ce ta ƙi fita. Ba ya shiri da fentin kanti, ya ce toshe wa bango numfashi yake yi. Shi farar ƙasa yake jiƙawa a wani rami a bayan gidansa, ta yi shekara uku tana laushi har ta koma kamar kindirmo, sannan ya ɗebo ya dama da garin launin da yake adanawa a tsofaffin kwalaben zuma, ya tsiyaya madara kofi guda don kada bango ya riƙa goge wa mutane riga.

Kuma ba ya yarda ka zaɓi launi a takarda. Sai ya shafa maka ɗan fili kamar tafin hannu biyu a jikin bangon, ya ce ka duba da safe, ka duba da rana tsaka, ka sake dubawa da yamma, sannan ka zo ku yi magana. Farar ƙasa, in ji shi, ƙarya take yi muddin tana jiƙe, sai ta bushe take nuna ainihin fuskarta.

Abu ɗaya ne kowa ya san maistor ba ya yi: ba ya shafe ɗakin jariri kafin a haihu. Da ma haka iyayenmu suka saba, ba a shigo da gado ko riga ko ɗan tawul cikin gida sai an ji kukan ɗa. Yaran yanzu sun watsar da wannan, don haka in ya ƙi aikin sai su yi dariya su ce tsoho ne mai tsohon kai, su nemi wani. Matarsa Stanka ce kaɗai ta san ba nan maganar ta tsaya ba.

Shekara talatin da huɗu ke nan, lokacin Stanka tana da cikin fari, Radisav yana ji da ƙuruciya da gwaninta, ya shafe ƙaramin ɗakin gidansu da shuɗi mai haske wata biyu kafin haihuwa. Uwarsa ta hana, ya ce ai zamani ya wuce wannan. Aka haifi ɗa namiji, amma bai zo da rai ba. Ranar da suka dawo daga maƙabarta tsohuwar ta tsaya a ƙofar ɗakin, ta dubi bangon, ta ce, “Ka ga abin da gaggawarka ta jawo.” Ba ta sake tayar da zancen ba har ta mutu, shi kuwa bai taɓa ajiye shi ba. A makon nan ya rufe shuɗin da fari, kuma duk shekara in sanyi ya wuce sai ya ƙara masa wani farin, har bangon ya yi kauri. Bayan shekara biyu aka haifi Nevena, ita kaɗai Allah ya bar musu, ta girma a wani ɗakin dabam. Ta san an yi mata wa da bai rayu ba, amma labarin bango ba wanda ya taɓa ba ta.

To, wata Lahadi a watan Afrilu sai ga Nevena ta zo cin abincin rana da mijinta Predrag, direban bas ɗin cikin gari, dogo mai yawan barkwanci. Cikinta wata bakwai. Shekara biyu da suka wuce ta yi ɓari, shi ya sa wannan karon ta ce wa likita in ya ɗauki hoton ciki ya riƙe abin da ya gani, ba ta son sanin mace ce ko namiji. Uwar Predrag ta rataya zobe a zare ta kaɗa a saman cikin ta rantse namiji ne, maƙwabciya ta dubi yadda cikin ya zauna ta ce mace ce ko a gaban alƙali. Nevena ta ce duk su sha kuruminsu, ko wane ne ya zo da ransa kawai.

Ana cikin cin wake da busasshen nama ta ajiye cokali ta ce, “Baba, ɗakin jaririn nan na gidanmu fa. Ina so ka shafe mini shi tun yanzu, ya sha iska kafin mai shi ya iso. Ban da shuɗi, ban da ruwan hoda. Wanda ko wa ya zo zai ce nasa ne.”

Cokalin Radisav ya tsaya a hanya. Stanka ta duƙufa kan kwanonta kamar ta ga wani abu a ciki. Da wani ne da tuni ya ji a'a, amma maistor bai taɓa iya ce wa yarinyar nan a'a ba tun tana rarrafe. Sai ya ji bakinsa yana cewa, “Sai an gwada launi tukuna, ɗana.” Haka yake kiranta, kamar yadda iyayenmu suke kiran 'ya mace in ƙauna ta motsa.

A hanyarsa ta zuwa gidan su Nevena ran Litinin, can hawa na huɗu a ƙetaren kogi, ya yi wa kansa fatawa: gwaji ba shafe ba ne. Ɗan tafin hannu biyu a bango ba shirya ɗaki ba ne, ko uwarsa ta dawo ba za ta ce haka ba. In ya ja gwajin nan mako takwas, shi ke nan, an haihu, bai saɓa wa yarinya ba, bai kuma taɓa abin da yake tsoro ba.

Ranar farko ya shafa uku: ruwan ƙwai, ruwan toka, da wani kore mai haske kamar cikin gurji. Ya ce a duba kwana uku. Da ya dawo Nevena ta fara magana, ya riga ta. Ruwan ƙwai zai sa fuskar jariri ta yi kamar mai shawara, kullum su riƙa gudu asibiti a banza. Ruwan toka na ofishin banki ne. Koren kuwa ba laifi, amma tagar gabas take kallo, bari a ga ɗan'uwansa mai ɗan duhu. Mako na biyu ya kawo ruwan goro, ya ce wannan zai hana yaro barci. Ya kawo ruwan madara, Predrag ya ce ai wannan ya yi, maistor ya harare shi ya ce wannan ba launi ba ne, launin mutumin da ya kasa yanke shawara ne. Ya kawo ruwan zuma, da ruwan ƙasa mai haske, da wani da shi kansa bai san sunansa ba. Kowanne akwai aibinsa, kuma duk aibin da ya faɗa in ka duba da kyau sai ka ga kamar da gaskiyarsa, don mutum ne da ya san aikinsa.

A mako na huɗu Predrag ya jingina da ƙofa yana cin tuffa, ya ce, “Baba, ni dai ban da ta cewa, amma in aka ci gaba a haka, da gwaji kaɗai za ka gama mana bangon nan. Sai mu ce wa yaron kakansa ne ya kasa zaɓe, ya ba shi duka.”

Wasa yake yi, amma Radisav bai ɗauke shi wasa ba. Ya ja da baya ya dubi bangon, ya ga lallai ya kusa cinye rabi. Daga ranar gwajinsa ya koma ɗan mitsitsi kamar akwatin ashana.

Ranar da ya zo da na goma sha huɗu, wata Laraba da hantsi, ya tarar da gwangwanin fentin kanti biyu a bakin ƙofa, da sabon burushi ko leda ba a cire masa ba. Nevena tana zaune a kujera a tsakiyar ɗakin da babu komai, ƙafafunta sun kumbura, ta ɗora su a kan kwali. Ta ce Predrag yana hutu ran Asabar, shi zai shafe. Radisav ya fara bayanin yadda warin fentin kanti yake kama ƙirji, ta ɗaga masa hannu.

“Baba, na ƙirga, goma sha uku ne, ga na sha huɗu a hannunka. Kai da kake shiga gida ka dubi bango sau ɗaya ka ce ga abin da ya dace da shi.” Ta shafa cikinta. “Faɗa mini gaskiya. Kai ma gani kake wannan ɗin ba zai zauna ba, ko? Shi ya sa ba ka son ɓata farar ƙasarka?”

Maganar ta shige shi kamar an soka masa ƙusa. Ya ajiye kwalbar a kan taga, ya ce ya manta wani abu a gida, ya sauka hawa huɗun nan yana dafa bango.

Ya sami Stanka a lambun bayan gida tana cire ciyawa cikin albasa. Ya zauna a bakin ramin farar ƙasa ya faɗa mata yadda aka yi. Ba ta ɗago ba sai da ta kai ƙarshen kunya, sannan ta miƙe tana riƙe da ƙugu.

“Tsoho, shekara talatin da huɗu kana goye da maganar uwarka, ba ka gaji ba? Cibiya ce ta naɗe wa yaron wuya. Likita ya faɗa, ni ina wurin, kai kana waje kana zuƙar taba. Kuma shuɗin nan wa ya zaɓa? Ni ce. Ni na riƙe maka tsani da cikina a gaba. In laifi ne, raba mu biyu, ka daina cinye shi kai kaɗai kamar wani abin daɗi.”

Ya ce to, in haka ne, ita me ya sa har yau ko safa ɗaya ba ta kai wa yarinyar ba? Stanka ta ɗan kawar da kai, ta ce wa ya gaya masa ba ta yi ba? Safa shida ta saƙa, da hula uku, da bargo, fari da kore da ruwan ƙwai, duk suna cikin akwati a gidan maƙwabciyarsu tun watan jiya. Ai ba a ce kada a shirya ba, cewa aka yi kada a shigar gidan mai ciki. Haka uwarta ta yi, haka kakarta ta yi.

“Ni ma tsoron nake ji,” in ji ta. “Amma ban bar 'yata tana zaton na fid da rai da abin da ke cikinta ba. Tashi ka je ka gaya mata, ko ni in je.”

Washegari da safe ya koma, ba kwalba ba burushi. Nevena ta dafa masa kofi, suka zauna a ɗakin, ita a kujera shi a kan gwangwanin fentin Predrag. Ya ba ta labarin shuɗin ɗaki tun daga farko, yana yi yana kallon hannuwansa, har maganar da kakarta ta yi a bakin ƙofa. Ya ce ya san likitoci sun fi shi sani, ya san bango ba ya kashe kowa, kansa ya sani sarai, hannunsa ne ya ƙi yarda. Duk lokacin da ya ɗaga burushi a ɗakin nan sai ya ga wancan.

Nevena ta ce ita kuma ɗakin ne yake ba ta tsoro in ta gan shi fayau, kamar gidan da ba a sa ran baƙo. Tun ɓarin nan take so ta ga wani ya yi wani abu da zai nuna ya yarda akwai mai zuwa. Sai ga shi wanda ta fi yarda da shi yana ta kewaye-kewaye.

“Na yarda, ɗana,” ya ce. “Don na yarda ne ma nake tsoro.”

A nan ya kawo mata dabarar Stanka. Ta zaɓi launi yau, shi kuma ya dama bokiti guda cif, ya rufe ya ajiye a rumfarsa, can gidansa, ba nan ba. Ranar da aka ji kuka zai zo ya fara. Kwana uku ake riƙe mai jego a asibiti, farar ƙasa kuwa ba ta da wari, kwana biyu da taga a buɗe ta bushe. In ta dawo ba ta sami ɗaki a shirye ba, ta kira shi duk sunan da ta ga dama a gaban mutane.

Ta share ido da bayan hannu ta ce ta yarda, da sharaɗin yau ba ta son jin aibin kowane launi. Ya ce saura abu ɗaya. Ya sauka a hankali, gwiwoyinsa suna ƙara, ya kwanta rigingine a tsakar ɗakin. Ta tambaye shi ko lafiya. Ya ce ai mai ɗakin ba a tsaye zai riƙa kallon bango ba, a kwance zai gan shi, dole a duba masa ta inda zai duba. Ta yi dariya har ta riƙe ciki, rabon da ya ji wannan dariyar tun kafin sanyi. Daga nan ƙasa ya ce ta nuna. Ta miƙa yatsa kan na uku, koren nan mai kamar cikin gurji.

“Tun makon farko na zaɓe shi, Baba. Kai ne ba ka bar ni na rufe baki ba.”

Ya dube shi ta ƙasa, hasken safe yana kwance a kansa. Ya ce shi ma tun ranar ya san shi ne.

Predrag ya mayar da gwangwanayensa kanti, yana cewa an raba shi da damarsa ta zama maistor. Radisav ya dama bokitin a ranar, ya rufe da jiƙaƙƙen buhu, ya ajiye a rumfa. Kullum da safe kafin ya sha kofi sai ya je ya buɗe, ya juya da sanda, ya ƙara ɗan ruwa, ya mayar da buhun. Stanka ta ce ko akuya ba a kula da ita haka.

Wata Talata a farkon Yuni, yana tsaka da juyawa, wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Predrag ne, ya ce tun asuba suke asibiti, ba su so su tayar da kowa ba, yanzun nan aka haihu.

“An ji kuka?” in ji Radisav.

“Kuka kai, Baba, har waje ake ji.”

“Nevena fa?”

“Lafiya lau, har ta fara yi mini faɗa.”

Radisav ya kashe wayar ya ajiye a kan benci. Ya zauna daɓas a ƙasa kusa da bokitin, ya yi ta sauke numfashi kamar wanda ya hau dutse da kaya. Da ya samu ya tashi, ya leƙa kicin ya gaya wa Stanka, ta jefar da abin da ke hannunta ta nufi gidan maƙwabciya ɗauko akwati. Shi kuwa ya loda tsani da bokiti biyu, na fari da na kore, a tsohuwar motarsa, ya bar wayar a inda take.

Ya buɗe tagogi, ya shimfiɗa tsofaffin jaridu, ya fara da fari don ya rufe gwaje-gwajen nan goma sha uku. Hannunsa bai yi gardama ba ko sau ɗaya. Ya gama rufi, ya gama bango biyu, yana kan na uku bayan azahar sai ya ji ana hawowa da waƙa. Predrag ne ya shigo, rigarsa a yayyage, hannunta ɗaya ya tafi gaba ɗaya, don abokan aikinsa sun tare shi a ƙofar asibiti sun yage masa ita, kamar yadda ake yi wa duk sabon uba a wurinmu. Yana riƙe da kwalbar rakiya, barasar nan tamu ta 'ya'yan itace, da ƙananan kofuna biyu.

“Baba, sau tara na kira ka. Kai wane irin kaka ne? Ba ka ko tambaye ni abin da aka samu ba.”

Radisav ya tsaya da burushi a sama. Sai a lokacin ya lura. Tun safe yake aiki yana magana da jaririn a zuci, bai taɓa tsayawa ya ba shi zane ko wando ba.

“To, me aka samu?”

“Mace. Da gashi cunkus, da girar nan taka, Allah ya taimake ta.”

Maistor ya ce to, ya sake cewa to, ya goge ido da bayan hannu ya bar farin layi har kunne. Suka sha kofi ɗai-ɗai a tsaye, sannan ya ce wa surukin ya ajiye kwalba ya riƙe masa tsani, aiki bai ƙare ba.

Washegari ya shafa koren. Da Predrag ya dawo daga asibiti ya ga bangon ya yi duhu kamar gansakukar bakin kogi, ya dafe kai ya ce Nevena za ta kashe su su biyu. Radisav ya ce ya je ya yi barci, ya bar bango ya gama ƙaryarsa. Ran Juma'a da safe kuwa ɗakin ya washe, kore mai sanyi, rufi fari, ba warin komai sai na tsabta. Suka haɗa gadon da aka ajiye a gidan uwar Predrag, Stanka ta shimfiɗa bargonta.

Da rana aka kawo su. Nevena ta tsaya a ƙofa da jaririyar a hannu, an ɗaura mata jan zare a wuyan hannu saboda bakin mutane. Ta dubi bango, ta dubi rufi, ta dubi ubanta da ya raɓe a gefe yana murza hula. Ta shiga ta kwantar da ita a gadon. Yarinyar ta yi hamma, ta juya kai, ta ci gaba da barcinta.

“Ka gani, Baba? Mako huɗu kana gwaji, mai ɗakin ko buɗe ido ba ta yi ba.”

“Ƙyale ta,” in ji shi. “Sai ta duba da safe, ta duba da rana, ta duba da yamma, sannan mu yi magana.”

Da suka koma gida da la'asar yana sauke kaya, Stanka ta ɗaga buhun ta ga koren ya yi saura kusan kashi ɗaya cikin uku. Ta tambaye shi abin da zai yi da shi, ya ce zai zubar, ba ya ajiyuwa. Ta ce a'a, ya kai ƙaramin ɗaki, ai yarinyar za ta riƙa zuwa kwana, kuma ita ta gaji da ganin farin nan. Radisav ya dubi bokitin. Ya ce ba zai isa bango huɗu ba. Ta ce ya fara da ɗaya, ita za ta riƙe tsani.